Yadda Ake Kai Intanet Ɗakin Da Ke Can Ƙarshen Gida

A wannan makon shafin kimiyya na allonmu zai tsaya ne a kan wata tambaya da na tabbata da yawanmu sun taɓa yi wa kansu: me ya sa waifai ke cika fal a falo, amma da ka taka zuwa zaure ko ɗakin samari sai ka ga sandunan nan na fuskar waya suna zubewa ɗaya bayan ɗaya? Idan kuma ginin da ake son kai wa intanet ɗin yana da nisa sosai, yaya ake yi? Ba a littafi kaɗai na samo amsar ba. A gidanmu aka yi wannan fama, har aka yi asarar kuɗi kafin a gano bakin zaren.

Gidanmu gidan yawa ne a gefen garin nan na Birnin Kudu, da garka a bayansa. A can ƙarshen garkar, wajen da ke kallon titi, yayana ya gina ɗan shago inda yake buga takardu, yana fotokwafi, yana cike wa mutane fom ta intanet. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, irin wannan shago ba ya rasa ciniki: wannan yana son a duba masa sakamako, wancan yana son a fitar masa da takardar samun gurbin karatu. A cikin gida kuma Baba yana da rauta, wato 'yar na'urar nan da ake sa wa layin waya ta riƙa rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutoci, kuma duk wata yana biya mata kuɗi. Shi kuwa Yaya yana can shago yana ƙona datar wayarsa. Gida ɗaya, biya biyu. Sai Baba ya ce a nemi yadda za a ja na falon ya kai shagon.

Yaya ya shiga mota ya tafi Kano, ya dawo da wata 'yar na'ura da ake cusawa a soket, wadda masu sayarwa ke kira busta. Ya jona ta a shago, ko gezau. Ya dawo da ita ƙofar garka, sai ta kawo sanda ɗaya wadda ba ta iya buɗe ko shafi guda. Daga nan ya ce ai laifin rautar Baba ne, ƙarama ce. Ya sake sayo wata mai eriya huɗu tsaye kamar ƙahonni. Ita ma a bakin garka ƙarfinta ya ƙare. Kuɗi ya tafi sau biyu, kuma har lokacin babu wanda ya yi tunanin ɗaukar tef ya auna nisan da ke tsakanin gine-ginen biyu. Da aka auna daga baya, mita 130 ne.

Ga dalilin da ya sa abin ya ƙi. Waifai igiyar rediyo ce, 'yar'uwar wadda ke kawo mana tashoshin FM, sai dai ita tana kaɗawa da sauri ƙwarai. Yawancin rautocin da ke gidajenmu suna aiki ne a zango biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. 'Yan ajin kimiyya, ku raba gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, da yawan kaɗawar, za ku ga tsawon igiyar ta farko santimita 12.5 ne, ta biyu kuma santimita 6. Rauta tana watsa wannan igiya ta ko'ina kamar yadda fitilar ƙwai ke haska ɗaki, kuma ƙarfinta yana raguwa da sauri fiye da yadda mutum zai zata. Idan ka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ne zai iso gare ka. Wanda ke zaune mita 5 daga rauta da wanda ke mita 130, nisansu ya bambanta sau 26, amma ƙarfin da ke isa ga na biyun ya ragu sau 26 a ninka da 26, wato sau 676. Wannan lissafin fili ne fetal, ba a sa katanga ko ɗaya a ciki ba. Katangar bulo tana cin nata rabo, kaurin ginin ƙasa irin na sasan kakarmu ma yana ci, kwanon rufi da ƙofar ƙarfe kuwa mayar da igiyar suke yi baya kamar madubi. Zangon 2.4 ya fi iya ratsa katanga, zangon 5 ya fi gudu amma ya fi saurin gajiya.

Akwai kuma abin da Yaya ya manta da ya sayi mai ƙahonni huɗu. Intanet hira ce tsakanin biyu. Ku tuna mai tallan magani da lasifikarsa ranar kasuwa: kana can ƙarshen rumfuna kana jin sa raɗau, amma in ka tambaye shi "nawa ne?" daga inda kake, ba zai ji ka ba. Ko da rauta ta yi ihu har wayarka ta ji, dole ita ma wayar ta mayar da amsa, ga shi muryarta ƙarama ce. Shi ya sa wani lokaci za ka ga sanduna biyu ko uku a waya amma komai ya ƙi buɗewa.

Ita kuwa busta ba ta ƙirƙiro sabis. Abin da ta ji shi take maimaitawa, kamar yaron da aka tsayar a tsakar gida yana karɓar magana daga ɗaki yana miƙa ta zaure. In bai ji da kyau ba, shirme zai isar. Kuma da yake sai ya saurara sannan ya faɗa, gudun saƙon yakan ragu kusan rabi. Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda sabis ke da sauran ƙarfi, kuma amfaninta bai wuce ɗaki ɗaya ko biyu da ke kusa ba. Ga mita 130 na garka, ba aikinta ba ne.

Akwai wata na'urar da ke bi da intanet ta cikin wayar wutar lantarkin gida, a jona ɗaya a nan ɗaya a can. Ba zan daɗe a kanta ba. Sai gine-ginen biyu suna kan layin wuta ɗaya take aiki, kuma da an ɗauke wuta ta yi shiru. Shagon Yaya da sola yake aiki, don haka ko maganarta ba a yi ba.

Hanyar da masana suka fi amincewa da ita ita ce kebul. Irin wanda kuke gani a bayan kwamfutocin ɗakin kwamfuta, mai siraran wayoyi takwas a ciki da aka murɗa bibbiyu, ana rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. A jona kai ɗaya a rautar gida, ɗaya kan kuma a wata rauta ta biyu a can ginin, shi ke nan. Ba ruwansa da katanga, ba ruwansa da kwano. Amma yana da iyaka wadda ya kamata kowa ya haddace: mita 100. Wato daidai tseren nan da ake yi ranar gasar wasanni tsakanin gidaje. In ya wuce haka saƙo yakan fara lalacewa a hanya, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Ana iya sa wata na'ura a tsakiya ta sabunta saƙon ya ƙara wata mita 100, sai dai ita ma tana son wuta da inuwa da makwancin da ruwa ba ya shiga, a tsakiyar garka kuwa babu ko ɗaya.

Wanda nisansa bai kai mita 100 ba, to ya yi sa'a, amma ya kula da abin da zai saya. Akwai kebul na jabu da aka yi da alminiyum aka shafe bayansa da jan ƙarfe. In ka fere roba ka kankare siririyar wayar da reza, ka ga fari ya bayyana a ciki, to shi ne. Ya fi araha, amma araha ba ta ado: yana saurin karyewa, kuma ba ya kai saƙo nesa kamar na jan ƙarfe zalla. Sannan kebul na cikin ɗaki daban, na waje daban. Ranar watan Afrilu ta garin nan ba ta ɗaukar lokaci take busar da robar na cikin ɗaki ta tsattsage. Na waje yawanci baƙi ne mai kauri. In za a binne shi, a zura shi cikin bututun roba irin na masu aikin famfo, a kuma yi rami mai zurfi, saboda ɓera da gafiya da gara, da kuma fartanyar wanda zai zo noma bai san da shi ba.

Babban abokin gabar kebul a ƙasarmu shi ne tsawa. Daga Yuni zuwa Satumba kowa ya san yadda hadari ke tasowa daga gabas. Ba sai aradu ta faɗo a kan wayar ba. Ko a nesa kaɗan ta sauka, tana iya tayar da wuta mai ƙarfi a cikin duk wani dogon jan ƙarfe da ke shimfiɗe tsakanin gini biyu, wutar nan ta bi ta ƙone rauta a nan, ta ƙone kwamfuta a can. Akwai 'yan na'urorin kariya da ake sawa a kowane kai, a haɗa su da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa domin wutar ta sami hanyar tsiyayewa. Suna rage haɗari, amma ba sa kawar da shi ɗungurungum.

Abin da ke kawar da wannan matsala shi ne faiba. Zaren gilas ne siriri kamar gashin kai, wanda haske ke bi ta cikinsa maimakon wutar lantarki. Wani masani mai suna Charles Kao ne da abokin aikinsa suka nuna a 1966 cewa gilas mai tsabta zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 2009 saboda wannan aiki. Irinsa ne aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku yake kawo intanet Legas daga Turai. Da yake gilas ba ya ɗaukar wuta, tsawa ba ta da hanyar bi, kuma yana tafiyar kilomitoci ba tare da ya gaji ba. Ana sayar da shi a shirye da kawunansa, sai a sa ɗan akwati a kowane gefe mai juya saƙon wuta ya koma haske, a can kuma hasken ya koma wuta. Rauninsa shi ne ba ya son a lanƙwasa shi da ƙarfi, kuma in ya tsinke ba a ɗaure shi da hannu a naɗe da salatif, sai an kira mai injin haɗawa. A ganina, da makaranta ce za ta haɗa ofis da laburare ko gidajen malamai, faiba ya kamata ta binne, a wahala sau ɗaya a huta shekaru. Mu dai Baba bai yarda a haƙa rami a ratsa masa garka ba.

Saura hanya ɗaya, ita muka bi. Wani mai wannan sana'a da aka kira daga Dutse ya zo da wasu fararen na'urori guda biyu, kowace ba ta fi littafin rubutu girma ba. Kamfanoni irin su TP-Link da Ubiquiti da MikroTik duk suna yin irinsu. Su ma waifai suke amfani da shi, bambancin shi ne ba sa watsa shi ko'ina. Suna tattara ƙarfinsu wuri ɗaya ne su harba gaba, kamar bambancin fitilar ƙwai da tocila. A kafa ɗaya a saman gida, ɗaya a saman shago, a sa su kalli juna, sai su zama tamkar kebul da ido ba ya gani. Da yake dukansu biyu masu ƙarfin murya ne da kaifin kunne, matsalar mai tallan magani ba ta taso ba. Kowace tana karɓar wutarta ta cikin kebul ɗin da ke kawo mata saƙo, kuma abin da take ci bai kai na ƙaramar fanka ba, don haka solar Yaya ta ɗauke ta ba wahala. A cikin shago kuma aka jona rautar nan mai ƙahonni huɗu domin ta rarraba wa kwamfuta da wayoyi. Ashe dai ba ta tashi a banza ba.

Kada mita 130 ta ba ku mamaki. A 2007 wani injiniya mai suna Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa sun haɗa tsaunuka biyu a ƙasar Benezuwela da irin wannan dabara, tsakaninsu kilomita 382. Sirrin shi ne sun hau sama inda babu abin da ya gitta tsakani. Wannan kuwa shi ne sharaɗin da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa: dole na'urorin biyu su ga juna. Mu da ke zaune a garin duwatsu ya kamata mu riƙe wannan, domin dutse ɗaya irin na Habude ko Mesa in ya shiga tsakani, magana ta ƙare. Haka abin yake ga mutanen Gwaram da ke son haɗa gida da gidan gona.

An kafa namu cikin watan Maris, ya yi aiki kamar me. Baba ya daina jin ƙorafi, Yaya ya daina sayen data. Sai da ruwa ya sauka, wajen ƙarshen Yuni, abin ya fara ciwo. Shafi ya buɗe rabi ya tsaya, wani lokaci ya yanke gaba ɗaya, musamman bayan an ɗauke ruwan sama. Yaya ya zargi na'urorin, ya zargi mai sayarwa, ya zargi wanda ya kafa. Ranar da ya hau tsani zai kwance su ne ya duba wajen gida bai hango komai ba sai kore shar. Akwai wata tsohuwar kuka a tsakiyar garkarmu. Da rani, lokacin da aka yi aikin, rassanta tsirara suke, ana hango rufin gida ta tsakaninsu. Da damina ta yi sai ta cika da ganye. Ganye kuwa ruwa ne a cikinsa, ruwa kuma yana shanye irin wannan igiya, balle in ganyen ya jiƙe. Da gawo ne a wurin, da labarin ya juya, tunda shi da damina yake kaɗe ganye ya yi kore da rani.

Yaya ya je wajen kakarmu da ladabi ya ce, "Iya, da za ki yarda a ɗan sassare rassan kukar nan na sama." Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai ɗan nan, kukar nan ta girmi ubanka. In ka sare ta, intanet ɗin ne zai kaɗa muku miya?" Magana ta mutu a nan.

Da mai aikin ya dawo sai ya yi mana bayanin wani abin da ban taɓa ji ba. Ganin juna ta wata 'yar kafa tsakanin rassa bai wadatar ba. Igiyar ba ta tafiya kamar zare miƙaƙƙe, tana buƙatar sarari kewaye da layin, mai siffa kamar gurji: siriri a kai da kai, mai ƙiba a tsakiya. Ana kiran wannan sarari da sunan wani masanin haske na Faransa, Fresnel. A zangon gigahaz 5, in nisan mita 130 ne, faɗinsa a tsakiyar hanya ya kai wajen mita 1.4 ta kowane gefe na layin. A zangon 2.4 kuma ya kai mita 2. Ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan sarari ya zama babu komai a cikinsa. Kukar Iya kuwa a daidai tsakiya take, inda gurjin ya fi ƙiba. Maganin da aka yi bai ci kuɗi sosai ba: aka matsar da na'urar gida zuwa kusurwar rufi ta kudu, aka ƙara wa ta shago tsawon bututun ƙarfe, layin ya bi ta gefen kukar ya wuce.

Ƙarin tsawon nan ma da nasa haɗarin. A Kafanchan ta Jihar Kaduna, wata ƙungiya mai suna Fantsuam Foundation ta kafa dogon ƙarfen sabis tana rarraba intanet ga makwabtanta ta irin wannan hanya, da sunan Zittnet. A 2008 guguwar damina ta kayar da ƙarfen. In nasu da injiniyoyi suka kafa ya faɗi, to bututun da aka ɗaure da wayar ɗaurin katako a jikin kwano ba abin dogaro ba ne. Namu an kafe shi da ƙusoshi a jikin bulo, an ja masa wayoyi uku sun riƙe shi, an kuma haɗa shi da sandar ƙarfe a ƙasa. Duk da haka, da hadari ya haɗo Yaya yakan zare kebul daga bayan kwamfutarsa har sai an ɗauke ruwa.

Wani abin da ya ba Baba mamaki a watan farko shi ne yadda data ta ƙare kafin lokacinta. Kai intanet wani gini ba ya ƙara yawanta. Randa ɗaya ce, masu sha ne suka ƙaru. Ga shi kuma samarin da ke zama a bakin shago sun sami kalmar sirri daga hannu zuwa hannu, suna ta kallon ƙwallo. Sai da aka canza ta, aka kuma yi yarjejeniya Yaya ya riƙa biyan rabin kuɗin wata. Don haka duk wanda zai yi wannan aiki ya zauna ya yi lissafi tukuna. Wani lokaci, in ginin can yana samun sabis ɗin MTN ko Airtel ko Glo da kyau kuma mutum ɗaya ne zai yi amfani da shi, sayen wata ƙaramar rauta da layinta ya fi sauƙi. Ja daga wuri ɗaya ya fi riba ne inda ake biyan kuɗin wata mai yawa, ko inda a gini ɗaya kaɗai sabis ke kamawa, ko ga masu faifan Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, tunda ba kowa ke iya sayen faifai biyu ba. Mai niyyar ya wuce gidansa ya fara sayar wa unguwa intanet kuma ya sani wannan ya zama kasuwancin sadarwa, sai da lasisin hukumar NCC.

Malamanmu, Allah ya ƙara girma, mun lura cewa a nan makaranta ma akwai irin wannan tazara tsakanin ɗakin kwamfuta da laburare, ga kuma layin darbejiya a tsakani. Malamin Fiziks ya amince zai raka 'yan kulob ranar Alhamis bayan an tashi, mu auna nisan, mu duba ko rufin biyu suna ganin juna, mu lissafa faɗin gurjin da kanmu. Abin da muka samu za mu liƙa shi a wannan allo mako mai zuwa. Duk wanda ke da dogon tef a gida, don Allah ya aro mana, na kulob mita 5 ne kawai.